Maneji da Azarar Ɗakin Inna

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in ɗauki biro. Sau da yawa nakan fara, in rubuta layi biyu, sai in yage takardar, domin karatuna bai wuce firamare ba, kuma abin da nake son magana a kai kalmar Turanci ce. Ina tsoron kada masu ilimi su ce wane ne wannan tela da zai yi mana sharhin harshen da bai iya ba. Ina kuma tsoron ɗaukar alhakin mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda ba za su tashi su ce ba haka aka yi ba. Abin da ya sa na daure shi ne, kwanan baya na tambayi jikata yaya makaranta, yarinyar da ko famfarar haƙori ba ta gama ba, sai ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Kaka, muna dai maneji." Na ce a raina, ashe kalmar nan ta biyo mu har cikin bakin jarirai.

A Bolori na tashi, lokacin da unguwar ba ta cika ta batse ba, tsakanin gida da gida akwai fili, akwai inuwar dalbejiya da za ka shimfiɗa tabarma ba wanda ya ce ka tare masa hanya. Mahaifina baduku ne, daga Kano ya zo da jakar kayan aikinsa, ya samu rumfa a Kasuwar Litinin, ya gina mana gidan ƙasa mai soro. Abin da kunnena ya riƙe na wancan zamani shi ne jiniyar jirgin ƙasa daga nesa, da sautin taɓarya daga gida uku a lokaci guda, da ƙarar kofaton shanu idan an koro su za a kai Kasuwar Shanu, mu yara muna maƙale da katanga har su wuce. Da yamma ƙamshin turaren wutar matan Barebari yakan tsallako mana. Ranar Lahadi kuma waƙar coci ce ke fitowa daga gidan maƙwabcinmu Malam Bitrus, akawu ne daga wajen Biu, mutum mai farar riga da biro a aljihu. A duk cikin waɗannan sautuka ban tuna na ji wani ya ce maneji ba.

Ba wai babu talauci ba. Akwai shi, har ya fi na yanzu ta wani fannin. Amma kowane hali da sunansa. Idan hatsi ya yi ƙasa a rumbu, Inna, wato mahaifiyata, takan ce a yi tattali. Idan takalmi ya fara buɗe baki, a ce lallaɓa shi zuwa ranar kasuwa, kuma ranar kasuwar sai an ɗinke shi. Idan abu ya fi ƙarfin mutum, a ce ya yi haƙuri, kowa ya san ba gyara aka yi ba, Allah aka bar wa. Idan kuwa abu ya lalace, cewa ake yi ya lalace, ba a shafa masa mai a baki. Da ka ji kalmar ka san inda ka tsaya.

Mahaifina yana da wata al'ada da ba ta taɓa wuce shi ba. Da zarar zafin bazara ya kai inda ya kai, kafin ruwan farko, sai ya ajiye aikin fata ya hau soro. Ba ya yarda a ɗora sabon yaɓe a kan tsoho. Sai an kankare na bara tas an zubar, sannan a shafa sabuwar laka, a zuzzure indararo da kara don ruwa ya samu hanya. Daga nan ya sauko ya bi ɗaki ɗaki da ƙotar gatari, yana ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya, ya karkata kai kamar mai sauraren gulma. Mai lafiya takan amsa da ƙarfi, ƙau. Wadda ruwa ya ci cikinta sai ta amsa a dushe, kamar an bugi kabewa. Yakan ce mini, "Soro ba ya faɗuwa sai ya yi sallama. Mai gida ne ba ya amsawa." Ni kuwa dama Allah ya halicce ni da fargaba. Ni ne mai komawa in duba ko na kashe gawayin dutsen guga bayan na riga na kulle shago. Wannan magana ta Baba ta shige ni har ƙashi.

Kalmar ta shigo mana ne a shekarun da abubuwa suka fara tsuke, lokacin da ake bin layin sabulu da madara tun hantsi har rana ta take. A bakin yaran mota na fara jin ta. Kujerar mutum uku a ɗora na huɗu, ka buɗe baki, yaron mota ya ce, "Alhaji, yi maneji, yanzu za a sauka." Daga mota ta shiga kicin, miya ba nama ba kifi, an yi maneji. Ta shiga wurin mai faci, taya ta sha faci har ba a ganin asalinta, ya buga ta da tafin hannu ya ce za ta yi maneji. Ta shiga kemis, a raba wa mara lafiya rabin maganin a ce ya yi maneji da wannan. Har gaisuwa ta shiga. Da idan an ce yaya gida, sai ka ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Aka wayi gari manyan mutane da gemunsu suna cewa ana maneji. Abin da ya dame ni shi ne, kalma ɗaya ta haɗiye tattali da lallaɓawa da haƙuri gaba ɗaya, har ta haɗa da wani abu na huɗu da ba a son a faɗa, wato na san abin nan ba shi da kyau, amma kada ka tambaye ni. Idan mutum ya ce maka maneji, ba ka san wanne yake nufi ba, kuma ina zargin wani lokaci shi ya sa ya zaɓe ta.

Na taɓa tsare Malam Bitrus a ƙofar gida yana goge kekensa. Na ce, "Malam, don Allah wannan maneji da ake ta faɗa, su Turawan me suke nufi da ita?"

Ya yi dariya ya ce, "Auta, ka fara ko? A ofis dai idan an faɗe ta, kula da abu ake nufi, a riƙe shi yadda ya kamata. Daga nan ai manaja ya samu sunansa."

Na ce, "To yaya aka yi da ta zo Bolori ta koma faci?"

Ya ce, "Baƙo ai abin da ya tarar ana ci shi yake ci." Ya ci gaba da goge kekensa. Sai na lura birkin baya da igiyar roba ya ɗaure shi. Ya ga ina kallo, ya ce, "Kada ka ce komai."

Bayan rasuwar Baba, gida ya koma hannun wana, Yaya Sabo. Mutumin kirki ne, yana fama da iyali da rumfar da aka bar masa, kuma kasuwar fata ta ja baya. Ni a lokacin na samu keken ɗinki nawa a kasuwa, ban yi aure ba tukuna. Bazara biyu aka yi, Yaya Sabo yana kiran wani magini, Ba Modu, ya yi mana yaɓe. Ba Modu dattijo ne Babarbare, siriri, goro ba ya rabuwa da bakinsa, aikinsa da sauri. Saurin ne ya fara ba ni tsoro, domin na ga ba ya kankare tsohon yaɓe, a kai yake ɗorawa. Soro yana ƙara kauri, yana ƙara nauyi. A bazara ta uku na shiga ɗakin Inna gaishe ta, na ɗaga kai, sai na ga azarar tsakiya ta yi ciki, ga wata siririyar tsaga ta bi tsawonta, daidai saman gadonta. Na ɗauko ƙotar gatarin Baba na ƙwanƙwasa. Har yau ba zan iya rantsewa da abin da na ji ba. Ba ƙau ba ne, amma kuma ba kabewa ba ce sosai.

Na sa aka kira Ba Modu. Ya shigo, ya gaida Inna, ya ɗaga kai ya duba kamar mai duba wata, bai ko taɓa ba. Da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji ya ce, "Wannan azara yana nan da ƙarfinsa. Zai yi maneji har kaka."

Na ce, "Ba Modu, za ta kai kaka, ko za ta yi maneji?"

Ya ce, "Duk ɗaya ne, yaro."

Na ce, "In ɗaya ne, ka ce za ta kai."

Ya tauna goronsa, ya dubi Yaya Sabo ya ce, "Wannan ƙaninka alƙali ne ko tela?" Suka yi dariya. Amma bai ce za ta kai ba. Na lura da wannan, kuma ban manta ba.

Canza azarar tsakiya yana nufin a yaye rabin soron, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, ga hali babu. Na roƙi Inna ta koma ɗakina ni in kwana a zaure. Ta ce, "A ɗakin nan ubanku ya ajiye ni, a nan ya cika. Ba tsagar itace ce za ta fitar da ni ba." Sai na tafi wurin masu itace na zaɓo gwafa, dogon itace mai baki biyu a sama, Malam Bitrus ya taya ni muka ɗauko ta a kan kekensa. Na haƙa ɗan rami a tsakiyar ɗakin, na dasa ta, na tokare azarar.

Daga ranar na zama abin dariya a gida. Matar Yaya Sabo takan ce, "Auta ya kafa wa Inna turke, saura akuya." Yaran unguwa suna leƙowa su gani. Inna kuwa ranta ya ɓaci ƙwarai. Ɗakinta shi ne darajarta, ga jeren kwanoninta na tangaran da tasoshi a bango, ga gadon ƙarfe mai rumfa, sai ga wani ƙaton itace da ɓawonsa a tsaye a tsakiya. Sau biyu tana buga goshi a jiki. Amma ba ciwon goshin ne ya fi damun ta ba. Cewa take yi duk wanda ya shigo ya ga gwafa, ya san 'ya'yan baduku sun kasa gyara wa uwarsu ɗaki. Ta fi son soro ya rufta a kan a ce haka.

Ana cikin wannan aka yi wa Yaya Sabo haihuwa, dangi za su zo suna daga Kano, kuma a ɗakin Inna manyan mata za su sauka. Ana jibi suna, da la'asar, ina shago sai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar ledoji da ganye. 'Yan kasuwa suka shiga tattara kaya. Na rufe shago, na koma na duba gawayi, sannan na kama hanya, rabi a mota rabi da gudu. Da na shiga gida abin da na fara gani shi ne gwafata a tsakar gida, an tokare igiyar shanya da ita, zannuwan mai jego suna kaɗawa a kai. Na leƙa ɗakin Inna. An cike ramin, an shafe daɓe sumul, an shimfiɗa sabuwar tabarma. Tana zaune bakin gado tana tsince shinkafa a faifai.

Na ce, "Inna, wa ya cire?"

Ta ce, "Ni na sa. Ba za a zo daga Kano a tarar da ni a garke ba."

Na ce, "Inna, ruwa ne fa ya taso, kuma mai yawa ne."

Ta ce, "Magini ya ce za ta yi maneji." Wannan ne karo na farko da na ji kalmar a bakinta, kuma ta faɗe ta a karkace, kamar mai tauna abin da ba ta saba ba. Sannan ta ajiye faifan ta ce, "Auta, in ka sake shigo mini da itacen nan, ban yafe ba."

Wanda ya san mu ya san nauyin wannan magana. Ba zan iya ɗauko gwafar ba, ba kuma zan iya fita in bar ta ba. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, indararo ya fara ambaliya a tsakar gida. Ban san lokacin da na tuɓe takalmi na shiga ba. Na ja tabarma zuwa daidai ƙarƙashin tsagar, inda cikin azarar ya fi saukowa, na zauna na naɗe ƙafa.

Ta ce, "Me kake yi?"

Na ce, "Fakewa nake yi, Inna. Ruwa ake yi."

"Ba ka da ɗaki ne?"

"Nan ya fi kusa."

Ruwa yana dukan soro, aradu tana tsagawa. Ta ɗauki faifan ta ci gaba da tsinta, amma na ga ba ta kallon shinkafar. Can sai wani ɗan garin ƙasa ya zubo daga sama, siriri kamar an yayyafa gishiri, ya sauka mini a kan hula da gwiwa. Wallahi ni matsoraci ne, ban taɓa ɓoye wannan ba. Amma ban motsa ba.

Ta ce, "Matsa daga nan."

Na ce, "Ai za ta yi maneji."

"Auta, na ce ka matsa."

"Inna, in ta ishe ki, ta ishe ni."

Ta dube ni, ta ɗaga kai ta dubi azarar, irin kallon da ban taɓa ganin ta yi mata ba. Wani garin ƙasar ya sake zubowa. Sai ta tashi tsaye, shinkafa ta watse a tabarma, ta daka mini tsawa, "Tashi ka ɗauko sandar taka, ɗan banza mai taurin kai irin na ubansa! Na yafe, tashi!"

Na fita cikin ruwa na tuge gwafar, zannuwan mai jego suka zube a taɓo, matar Yaya Sabo tana salati daga ɗaki. Na ƙwala wa Malam Bitrus kira ta kan katanga, ya shigo da singileti a jiƙe sharkaf. Muka fasa sabon daɓen da taɓarya, muka dasa ta, shi yana turawa da kafaɗa ni ina dannawa da dutse a gindi, Inna tana riƙe da fitila tana cewa mu yi a hankali da kwanoninta. Da muka gama Malam Bitrus ya share fuska ya ce, "To Mama, yanzu kam an yi maneji irin na ofis." Inna ba ta gane ba, amma ta ba shi goro.

Baƙin Kano suka zo suka tarar da gwafa. Inna ta naɗe ta da wani tsohon zane mai kyau, ta buga ƙusa ta rataya carbinta da fitila. Da wata gwaggonmu ta tambaya, sai ta ce, "Aikin Auta ne. Ba ya barci in ba ta nan." Aka yi dariya, aka wuce wurin. Kaka ta zo ba a canza azara ba, domin hali bai samu ba. Wata damina ta zo ta wuce, wata ma haka. Ɗaki bai faɗi ba. Duk lokacin da aka ɗauke ruwa Yaya Sabo yakan ce, "Ka gani ko? Ba Modu ya faɗa maka za ta yi maneji." Ni kuma in ce gwafa ce ta riƙe. Ba mai iya kayar da wani, domin ba a taɓa barin azarar ita kaɗai an gani ba.

Shekaru bayan haka Allah ya buɗa wa Yaya Sabo, ya ce za a yaye soron a sa kwano. Na yi murna, ba don kwanon kaɗai ba. Na ƙudurta ranar da aka sauke azarar nan zan sa gatari in raba ta biyu in ga cikinta da idona. Sai aka yi aikin a makon da na tafi Kano sarin yadi, alhali an ce mini sai bayan salla. Ko da na dawo, kwano yana ta ƙyalli. Na ce ina azarar tsakiya? Aka ce Ba Modu ya ɗora ta a amalanke ya tafi da ita tun ranar. Sauran azarun kuwa suna jingine a bayan gida, ita kaɗai ce babu. Na same shi a wani gini na tambaye shi, ya ce, "An yi girki da shi, yaro. Kana son toka?" Na tambayi Yaya Sabo, ya ce shi yana kasuwa aka sauke. Na koma wurin Inna. Ta ce, "Ba Modu ya nuna mini cikinta. Mun yi da shi ba za a gaya maka ba."

Na ce, "Saboda me, Inna?"

Ta ce, "Saboda na san ka."

Na juya wannan magana a raina fiye da yadda zan iya faɗa. Wataƙila cikin azarar ya zama gari, ta san in na ji ba zan ƙara yarda da wani rufi ba har in mutu. Wataƙila kuma lafiyarta lau, ta ƙi a ce Auta ya sa uwarsa zama da turke shekara da shekaru a banza. Duka biyun sun yi kama da Inna. Na sake tambayar ta a ciwonta na ƙarshe, ta yi murmushi kawai, ta ce in gyara mata matashi. Abin da na sani shi ne, bayan an sa kwano ba ta bari an yi girki da gwafar ba. Ta sa an jingine ta a bayan gadonta, carbinta a jiki.

Yanzu Bolori duk bulo ne da kwano, ba mai hawa soro da bazara, ba mai ƙwanƙwasa komai ya saurara. Kalmar kuwa ta yi 'ya'ya da jikoki. Ni dai har yau idan mai gyaran Keke Napep ko mai haɗa waya ya ce mini za ta yi maneji, sai na ce ya sake faɗa da Hausa. Wasu su yi dariya su faɗa. Wasu su yi shiru, kuma waɗannan nake ɗauke kayana daga wurinsu.

Inna ta rasu, Yaya Sabo ya rasu, na ji Ba Modu ma ya daɗe da rasuwa. Malam Bitrus ya yi ritaya ya koma garinsu, labarinsa ya yanke mini. Amma Ba Modu ba shi kaɗai ya sauke soron nan ba, yana da masu taya shi aiki, kuma a lokacin matasa ne. Don haka nake roƙon masu karatu, in akwai wanda ya yi aikin gini a Bolori tare da wani dattijo siriri mai cin goro, ya tuna ranar da suka yaye wani ɗaki suka tarar da gwafa naɗe da zane a tsakiya, don girman Allah ya neme ni ta hannun masu wannan shafi, ya gaya mini abin da ya gani a cikin azarar. Ko wanne ne zan iya ɗauka, na tsufa. Abu ɗaya kawai nake roƙo, kada ya ce mini da ta yi maneji.